Bayan An Sallami Tsoho Daga Asibiti: Yadda Za A Yi Jinyarsa A Gida Don Kada A Koma

Ranar sallama ranar farin ciki ce a kowane gida. An yi kwana 10 ko 20 ana jigila tsakanin Birnin Zariya da asibitin koyarwa na Shika, ana kai abinci a kula, kuɗi sun yi ƙasa, masu jinya sun gaji, sai likita ya ce za a iya tafiya. Amma abin da sallama ke nufi shi ne ciwon ya lafa har ana iya ƙarasa magani a gida. Tsohon da ya fito yawanci ya fi wanda ya shiga rauni: ya rame, barcinsa ya birkice, an sauya masa magunguna, ƙafafunsa sun saki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a gado, sai aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Wani kuma na 2009, shi ma a Amurka, ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 na masu inshorar tsofaffi ta gwamnati da aka sallama an sake kwantar da su kafin kwana 30, kuma rabin waɗanda suka koma bayan jinyar da ba ta tiyata ba, ba su ga likita ba tsakanin fitarsu da komawarsu. Wannan wata na farko shi ne wurin da ake yin nasara ko asara.

Mataki na farko: mutum ɗaya, littafi ɗaya

Gidajenmu suna da jama'a, kuma wannan ni'ima ce. Sai dai inda mutum 8 ke jinya, kowa yakan ɗauka wani ya ba Baba maganin safe, ko kuma mutum biyu su ba shi. Don haka tun kafin sallama iyali su zauna su naɗa mutum ɗaya mai riƙe da jinyar. Ba dole ya zama babban ɗa ba, ba kuma dole mai biyan kuɗi ba. A zaɓi wanda yake kwana a gidan, ya iya karatu, yana da waya, kuma tsohon yana jin maganarsa. A naɗa masa mataimaki saboda ranar da zai yi tafiya ko ya kwanta shi ma.

A saya masa littafi mai fallaye 40 ko 60. Shafin farko sunan ciwon, lambar katin asibiti, sunan sashen da ke duba shi da ranar komawa. Shafi na biyu magunguna. Sauran shafukan na kullum ne: awon jini, sukari ko nauyi in ana aunawa, abin da ya ci, ko ya yi bayan gida, da duk wani sabon abu. Littafin nan ba ya barin ɗakin sai ranar zuwa asibiti.

A yi la'akari da kunya tun yanzu. Ɗa namiji ya fi dacewa da wanka da tsarkin mahaifinsa, 'ya mace da na mahaifiyarta, suruka kuwa sau da yawa ba za ta iya ɗaga zanen surukinta ba, shi ma ba zai yarda ba. Gyambo da yawa suna ruɓewa ne a ɓoye saboda babu wanda aka ɗora wa duba bayan tsohon. In matarsa ce ke jinya kuma ita ma ta manyanta, kada a bar mata juyawa da ɗagawa.

Kafin a bar ɗakin kwanciya

Mai riƙe da jinya ya kasance a wurin lokacin zagayen likitoci na safe, kwana 1 ko 2 kafin sallama, da littafinsa a hannu. Ya tambaya a fili: Likita, mene ne sunan ciwon? Waɗanne magunguna ne sababbi, waɗanne aka tsayar cikin waɗanda yake sha da can? Wanne ne na 'yan kwanaki, wanne ne na har abada? Akwai gwajin da sakamakonsa bai fito ba, wa zai karɓo? Ruwa nawa zai sha a rana? Wace alama ce za ta sa mu dawo ba tare da jiran ranar kilinik ba?

Bayan an amsa, ya maimaita da bakinsa: «Likita, bari in faɗa a ji ko na fahimta.» A nan ake kama yawancin kurakurai, domin mutane suna gyaɗa kai saboda girmamawa alhali ba su gane ba. Haka kuma duk aikin hannu da za a yi a gida, allurar insulin, zubar da jakar fitsari, ba da abinci ta robar hanci, juya mara lafiya, ya roƙi nas ta nuna masa, sannan ya yi da hannunsa a gabanta aƙalla sau 2. Kallo kaɗai ba ya isa.

A nemi takardar sallama ko taƙaitaccen bayani a rubuce, a ɗauki hotonta a waya. A tattara hotunan ƙirji, na kai da sakamakon gwajin jini a jaka guda. A sayi magungunan kafin a isa gida, aƙalla na sati 2, kuma a yi ƙoƙarin fita da rana ba da magariba ba, don in wani magani ya yi wuyar samu a sami damar komawa a tambayi madadinsa. In kuɗi ba za su kai ba, a faɗa wa likita kai tsaye. Zai iya rubuta mai rahusa ko ya nuna wanda ba a wasa da shi. Ya fi a je gida a riƙa raba ƙwaya biyu a ɓoye. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta Jihar Kaduna (KADCHMA) ya tambayi teburinsu abin da ke cikin tsarin.

In iyali ne suka matsa a tafi kafin likita ya yarda, saboda kuɗi ko gajiya ko roƙon tsohon da kansa, har yanzu suna da damar neman takardar magani da ranar komawa. Kada a sa hannu a fice cikin fushi hannu rabbana.

A ɗauko shi a mota, ba a babur ba. Mai karayar ƙugu ko ɗinki a ciki ya zauna kujerar gaba an kwantar da ita kaɗan, direba ya bi ramuka a hankali.

Ɗaki da makewayi

A gyara ɗakin kafin ya iso. Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai raunin gwiwa. Gadon da in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa shi ne daidai. A naɗe ƙananan tabarmi da dardumar da ke zamewa, a kawar da wayar caji daga hanya, a ajiye tocila a inda hannunsa zai kai, domin yawancin faɗuwa da dare ake yi a hanyar fitsari, an ɗauke wuta. A lura da dokin ƙofa.

Masai na tsuguno shi ne babban haɗari. A samo kujerar bahaya, ko kafinta ya huda kujera mai ƙarfi a sa bokiti a ƙasa, a ajiye ta kusa da gado. A makewayi a sa kujerar wanka, a kankare gansakuka, musamman da damina. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a ajiye janareta kusa da taga. Wata iska marar wari da ke cikin hayaƙinsu tana kisa cikin barci. A kafa gidan sauro.

Magani: inda aka fi yin kuskure

Daren farko a fito da duk maganin da ke gidan na tsohon: na cikin kwano, na ƙarƙashin filo, na aljihun babbar riga, na kemis, na gargajiya. A ware abin da ke cikin sabuwar takarda, saura a ƙulle a leda a fitar daga ɗakin, a kai wa likita ranar komawa. Dalili shi ne magani ɗaya yana zuwa da sunaye da launuka daban. Tsoho yana da Lasix a gida, asibiti ta ba shi furosemide, ya haɗa biyun yana sha ba tare da sanin abu ɗaya ne ba, sai ruwan jikinsa ya ƙafe, jini ya faɗi, ƙoda ta taɓu. A riƙa karanta ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban sunan kwali, da ƙarfinsa, 5 ne ko 10.

A ɗaura lokutan magani da sallah, ya fi agogo riƙuwa. Na sau 1 bayan asuba. Na sau 2 bayan asuba da bayan magariba. Na sau 3 bayan asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya wajen ƙarfe 10. Maganin fitsari irin furosemide da safe ake sha, in sau 2 ne na biyun kada ya wuce azahar, don kada ya kwana yana tashi. Akwatin magani mai gida 7 yana taimakawa. In babu, ƙananan ambulan da aka rubuta rana da lokaci sun wadatar. Wanda ya ba da magani ya tsaya har ya ga an haɗiye, sannan ya yi alama a littafi. In an manta lokaci ɗaya ba a ninka na gaba.

Akwai magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba takarda, waɗanda ke mayar da tsofaffi asibiti fiye da yadda ake zato: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, da haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a ce na gajiya ne. Suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su tayar da hawan jini, su dagula ciwon zuciya, su lalata ƙoda, su huda ciki, balle ga mai shan maganin tsinka jini irin asfirin, clopidogrel ko warfarin. Farasitamol ya fi aminci: ƙwaya 2 masu 500, sau 3 a rana iyaka ga tsoho, kuma in ya rame ƙasa da kilo 50 a tambayi likita adadin da ya dace. Maganin mura mai sa barci da maganin barci na kemis suna kawo ruɗewa, faɗuwa da riƙewar fitsari.

Maganin hawan jini, na sukari da na zuciya ba a daina su don an ji sauƙi. Sauƙin daga gare su yake. Maganin kashe ƙwayoyin cuta a ƙarasa kwanakinsa, na tarin fuka kuma watanninsa, aƙalla 6. Amma akwai hali ɗaya da ya kamata a tambaya tun a asibiti: in amai ko gudawa suka kama shi har ba ya iya shan ruwa, magunguna irin metformin, lisinopril da furosemide suna iya cutar da ƙoda a wannan yanayi, kuma likitoci kan ce a dakatar da su na ɗan lokaci. A nemi wannan umarni a rubuce, a kuma kai shi a duba shi ranar. Sannan a duba ragowar magani duk Juma'a, a sayo sabo saura kwana 5 ya ƙare.

Game da na gargajiya, magana ta gaskiya ita ce za a kawo shi, ko iyali sun so ko ba su so ba. Abin da ake roƙo shi ne kada a ajiye na asibiti dominsa, kada a ba mai ciwon ƙoda, hanta ko zuciya jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, kuma a faɗa wa likita abin da ake ba shi.

In ciwon zuciya ne mai kawo kumburi

A sayi sikeli na tsayawa. Kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, da kaya iri ɗaya, a auna shi a kan siminti a rubuta. Ƙarin sama da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, ko da bai fara haki ba, kuma a wannan matakin gyara adadin magani kan wadatar. In aka jira har ya kasa kwanciya sai a zaune, to sai gado. Sauran alamu: ƙarin filo da dare, takalmi ya matse, tari in ya kwanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi 1 ba tozo, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye. Wajen rabin dunƙulen magi gishiri ne. Akwai shi a yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani da garin ɗanɗanon taliyar leda. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke riƙe ruwa kamar gishiri. A nan Zariya ne likitoci a shekarun 1970 suka rubuta alaƙar kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Saboda haka ɗanwake, wake mai kanwa da kunun kanwa ba na wannan majinyaci ba ne. A ɗebi miyarsa kafin a sa magi da gishiri, a ƙarfafa ta da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. In an ƙayyade masa ruwa lita 1.5, ledar fiya wata 3 ke nan, kuma shayi da kunu suna cikin lissafin.

Awon jini: ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a auna sau 2 tsakani minti 1. Lambar sama ƙasa da 90 tare da jiri, ko 180 bisa 120 tare da ciwon kai, ciwon ƙirji ko dishin gani, asibiti ne a take.

In ciwon sukari ne

Ga tsohon da ya fito asibiti, faɗuwar sukari ta fi hauhawarsa saurin kisa. An daidaita masa magani, ya zo gida ba ya cin abinci sosai, ana ci gaba da ba shi adadin nan. Alamunta gumi, rawar jiki, yunwa, faɗa ba dalili, magana ba kan gado, barci mai nauyi. Ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 in mai ƙananan lambobi ce, a dama ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, ko babban cokali 1 na zuma, a ba shi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In babu na'ura kuma alamun sun bayyana, a ba shi sukarin. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti mafi kusa. Mai shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, sukarinsa na iya sake faɗuwa cikin yini guda ko fiye, don haka ko ya farfaɗo sai likita ya gan shi. Sama da 300 sau 2 a jere, ko na'ura ta nuna HI, da ƙishirwa da kasala, shi ma ba na jira ba ne.

Insulin da aka buɗe yana kai kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba, ɗakunanmu kuwa suna wuce haka a Maris da Afrilu. In firij ba tabbas, a sa kwalbar a roba mai murfi a ajiye cikin tulu mai danshi ko gindin randa a inuwa. Wanda ya daskare ya lalace. A rubuta ranar buɗewa a jikinsa. A duba ƙafafunsa kullum har tsakanin yatsu, kada ya yi yawo ba takalmi, kada ya ɗumama ƙafa a bakin wuta.

In shanyewar ɓarin jiki ce, ko ba ya iya tashi

A nan jinya ta fi nauyi, kuma abu biyu ne ke mayar da mutum asibiti: abinci ya bi hanyar iska ya haifar da ciwon huhu, da gyambon kwanciya.

Ba a ba shi komai a kwance. A zaunar da shi sosai, kai ya ɗan sunkuyo, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a bar shi a zaune minti 30 bayan ya gama. Ruwa tsinkakke ya fi saurin ƙware mutum fiye da kunu mai kauri ko fate mai laushi. Tari lokacin ci, murya ta koma kamar mai kurkure, ko abinci ya taru a kunci, alamu ne cewa haɗiya ba ta da aminci. A tsaya a sanar da likita. Ɗura, wato a toshe hanci ko a matse baki a zuba, tana tura kunu kai tsaye cikin huhu. Wannan ya shafi ruwan rubutu da na Zamzam ma; wanda ba ya iya haɗiya a yi masa tofi, a shafa masa. In yana da robar hanci, a duba alamar da nas ta yi a jikinta kafin kowane abinci. In ta zame ko ya yi ta tari, kada a zuba komai, kada a tura ta da hannu. A tace abincin, a bi shi da ruwa mai tsabta don kada ta toshe. A wanke masa baki safe da dare ko ba ya ci ta baki.

Juyawa kowace awa 2, dare da rana: gefen dama, baya, gefen hagu, ana tokare bayansa da filo ya ɗan karkata ba ya hau ƙashin ƙugu gaba ɗaya ba. Filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba. A raba dare tsakanin mutum 2 ko 3. Kullum lokacin wanka a duba ƙarshen ƙashin baya, ƙugu, diddige, idon sawu da allon kafaɗa. A fatar baƙin mutum ja ba ya fitowa sosai. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, zafi, tauri ko sheƙi. In an gani, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, kada a murza shi. A sauya famfas da zarar ya jiƙe, a wanke a tsane, a shafa basilin ko man kaɗanya kaɗan. A shimfiɗa zani a kan ledar gado, a miƙe shi ba tattara. In fata ta fashe a kai a gani tun tana ƙarama. Ba a barbaɗa garin kafso, toka ko man goge baki.

Ba a jan hannun da ya shanye wajen ɗagawa, kafaɗar na iya gocewa. A tallafe shi da filo. A riƙe ranakun gashin ƙashi, a kuma maimaita motsin da masu gashi suka koyar sau 2 ko 3 a rana, domin watannin farko ne jiki ya fi karɓar gyara.

Robar fitsari: jaka ta kasance ƙasa da mara koyaushe amma ba a kan ƙasa ba, roba ba lanƙwasa, a ɗaure ta a cinya don kada ta fizgu. A zubar in ta kai kashi 2 cikin 3, a wanke hannu kafin da bayan. A tambayi ranar sauyawa a rubuta, domin irin robar ne ke ƙayyade ta. Awa 4 zuwa 6 ba fitsari tare da ciwon mara, jini mai gudaji, ko zazzaɓi da rawar sanyi, a tafi.

Tashi, ci, da ibada

Tausayi kan sa a hana tsoho motsi, a ce ya huta. Hutun da ya wuce kima shi ke ƙarasa kwantar da shi. In likita bai hana ba, tun washegari ya ci abinci a zaune a kujera, ya taka zuwa ƙofar ɗaki, gobe zuwa tsakar gida, jibi zuwa zaure, wani na riƙe da shi ta ɓangaren da ya fi rauni. Kafin ya miƙe ya zauna bakin gado minti 1 ko 2, saboda jini kan faɗi in an tashi da sauri. Tashi daga kujera da komawa sau 5, sau 3 a rana, yana dawo da ƙarfin cinya.

Abinci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 ya fi tulin tuwo sau 2. A sa mai gina jiki a kowanne: ƙwai, wake, awara, kifi, nono, kunun gyaɗa. Mai ciwon ƙoda ya bi abin da aka tsara masa. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, don haka wanda ba a ƙayyade wa ruwa ba a riƙa miƙa masa, leda 3 zuwa 4 a rana, fiye da haka da bazara. Kwana 3 ba bayan gida a ɗauki mataki: gwanda, miyar kuka ko kuɓewa, ganye, ruwa da tafiya, in ya ƙi a tambayi likita. Tramadol da kodin suna ɗaure ciki.

Dattawa da yawa suna faɗuwa ne a wurin alwala ko a ruku'u. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba da sauƙi: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Akwai taimama. Azumi kuwa, na Ramadan ko na Litinin da Alhamis, mai insulin, mai maganin fitsari ko mai ciwon ƙoda kada ya ɗauka sai da shawarar likita; Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame. In tsohon ya ƙi ji daga 'ya'yansa, a roƙi limamin unguwa ko amininsa ya faɗa masa.

'Yan dubiya lada suke nema kuma zuwansu yana ƙarfafa zuciya. A sa musu lokaci, kamar bayan la'asar, a taƙaita zama, mai mura ya gaisa daga ƙofa. Abinci da maganin da suka kawo a karɓa a yi godiya, ya bi ta hannun mai riƙe da jinya.

Ruɗewa ta farat ɗaya

Tsohon da jiya yake cikin hankalinsa, yau ya kasa gane ɗansa, yana ganin abin da babu, yana fizge roba, ko ya yi shiru yana ta barci, ba tsufa ne ya sauko masa dare ɗaya ba. Sau da yawa wannan ce alamar farko ta ciwon huhu, cutar mafitsara, maleriya, faɗuwar sukari, ƙarancin ruwa, riƙewar fitsari ko illar magani, kuma tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. A auna sukari nan take, a duba yaushe ya yi fitsari da bayan gida, a kai shi asibiti ranar. Addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗaure shi, kada a ba shi maganin barci.

Sauran abin da ba a kwana da shi: karkacewar baki, sabon raunin hannu ko sarƙewar magana, ciwon ƙirji, numfashi sama da 25 a minti yana hutawa, zafin jiki digiri 38, baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, kumburi da ciwo a sha-raɓa ɗaya, ɗinki ya buɗe ko yana fitar da mugunya, faɗuwa da buguwar kai, musamman ga mai maganin tsinka jini, amai da ya hana magani zama. A tsara tun yau wace mota za a ɗauka da ƙarfe 2 na dare, lambar direba, da ɗan kuɗin da ba a taɓawa. In numfashi ko hayyaci ne, a fara da asibiti mafi kusa mai likita: na Birni suna da Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai na Wusasa, na Samaru da kewaye kuma Shika ce kusa.

Ranar komawa

Ganin likita cikin kwana 7 zuwa 14 bayan sallama shi ne abin da aka fi so, musamman ga mai ciwon zuciya ko wanda aka sauya wa magunguna da yawa. In ranar da aka bayar ta yi nisa, a tambaya ko za a iya auna jini, sukari da ƙoda a asibiti na kusa kafin nan. A je ko da ya ji garau. Gwajin da aka rubuta a yi shi kwana 1 ko 2 kafin ranar, don a shiga da sakamako a hannu.

A tafi da kati, littafi, jakar takardu, da duk magunguna cikin kwalayensu har da ledar nan da aka ware. A fita da wuri, a ɗauki abin karyawa da ruwa saboda layi, musamman ga mai sukari. In gwajin na buƙatar a zo ba a ci ba, kada a yi insulin ko a sha maganin sukari sai an ɗebi jinin an ci abinci. Mai riƙe da jinya shi ne zai shiga tare da shi, domin in likita ya ce «Baba, yaya jiki?» amsar ita ce «Alhamdu lillahi, da sauƙi», ko da daren jiya a zaune ya kwana. A bar shi ya yi godiyarsa, sannan a buɗe littafi a karanta abin da ya faru. Kafin a fito a gyara shafin magunguna a gaban likita, a soke wanda aka tsayar, a rubuta ranar zuwa ta gaba.